Kayan Aro a Baje Kolin Kimiyya: Ina Aikin Yaron Gubuci?

Duk wanda ya yi makarantar sakandare a ƙasar nan ya san yadda akan shirya wa gasar baje kolin kimiyya. Takarda takan fito daga ofishin ilmi na shiyya, ta yi ta yawo a jakar masinja, ba za ta isa makarantar ƙauye ba sai ranar gasa ta rage mako biyu. Shugaban makaranta ya kira malamin kimiyya ya ce masa, "Malam, a taimaka a fitar da mu kunya." Malam ya zaɓi yara biyu masu bakin Turanci, ya karɓi 'yan kuɗin da aka ware, ya nufi wurin mai walda ko mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Bayan kwana huɗu sai ga gidan kwali mai hawa biyu da ƙananan fitilu a ciki, ko jirgin sama na gwangwani wanda farfelarsa ke juyawa amma ko ƙura ba ya tayarwa. A rubuta wa yara jawabi a takarda, su haddace shi kamar karatun allo. Ranar gasa manyan baƙi su zagaya, su gyaɗa kai, a ɗauki hoto, a ba da kofi, kowa ya kama gabansa.

Mu da muka fito daga makarantun ƙasar Maƙarfi da Ikara da Kudan, muka samu Allah Ya kawo mu jami'a, mun ga wannan al'ada da idonmu, kuma ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Ana koya wa yara ha'inci ne da sunan kimiyya. Yaron da aka tsayar gaban alƙalai yana cewa "na ƙera" alhali kuwa ya san wanda ya ƙera, ya koyi darasi a ranar nan wanda ya fi duk abin da aka rubuta masa a allo zama a zuciya: cewa ilmin kimiyya wasan kwaikwayo ne da akan yi don manya, kuma mai kuɗin sayen kaya shi ke cin gasa. Wannan yaro shi ne gobe zai zama malamin asibiti mai auna jini, ko injiniyan da zai sa hannu a takardar gada. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mun ga inda ake tanƙwara wannan.

Kada a ɗauka muna ƙin gasar ne. Manufarta kyakkyawa ce, kuma ta daɗe. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya tana nan tun 1957. Tun shekarun 1980 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta shigo da ƙungiyoyin JETS cikin makarantu don yara su saba da ƙere-ƙere da bincike. Tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu ba su ƙidayuwa. Amma duk wanda ya san tarihin tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, ya san labarin injunan koyar da sana'a da aka sayo daga ƙasashen waje, aka sauke su a makarantun da ba su da lantarki, suka yi shekaru cikin akwatunansu har tsatsa ta cinye su. Cutar da ta kashe waɗannan injuna ita ce ke cin baje kolinmu: mun ɗauka kimiyya kaya ce da ake saye a ajiye a nuna wa baƙo.

To, mene ne aikin baje koli na gaskiya? Tambaya ce da yaro ya yi wa kansa, wadda bai san amsarta ba, sa'an nan ya nemi amsar ta hanyar awo, ya rubuta abin da ya gani ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Ko a babbar gasar ɗalibai ta duniya da ake yi a Amurka, wadda ta samo asali tun 1950, abin da suke nema ke nan. Dokarsu ta ce ɗalibi ya taƙaita dukan aikinsa cikin kalmomin da ba su wuce 250 ba, binciken da zai kawo kada ya wuce na wata goma sha biyu, kuma in aikin ya shafi mutane ko dabbobi sai an ba shi izini kafin ya fara. Alƙalai su tsaya da yaro su yi ta yi masa tambayoyi har su tabbata aikin daga kansa ya fito. Ba mu ce a kwafo dokokinsu sak ba, domin halinmu daban ne. Abin lura dai shi ne ko a ƙasar da ta fi kowa injuna, tunanin yaro ake aunawa.

Yanzu bari mu ɗauki yaron Gubuci, mu ga ko yana da abin tambaya. Ƙasar Maƙarfi ta yi suna da rake a Arewa duka. Yaron nan ya tashi yana ganin ana sarar rake a fadama, ana ɗaure shi dami-dami, ana loda wa manyan motoci, wani kuma a kai shi wurin matsa a dafa ruwan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Ita kanta wannan sana'a tana da tarihi a ƙasarsa, domin a Gimi, nan cikin ƙasar Maƙarfi, wani malamin mishan baƙar fata daga tsibiran Karibiyan ya kafa injin matse rake a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, kuma daga baya injin doki ya bazu a ƙauyukan Zazzau. Duk mai dafa mazarƙwaila zai gaya maka cewa raken da ya kwana biyu a yashe bayan sara ba ya ba da mai kyau: takan yi laushi, ta yi danƙo, ta ƙi daskarewa sosai. Kowa ya san haka. Amma kwana nawa ne iyaka? Rake nawa ake hasara in mota ta yi lattin kwana uku? Ajiyewa a inuwa a rufe da ganye tana rage hasarar, ko kuwa faɗa ce kawai? Ga tambaya wadda amsarta kuɗi ce a aljihun uban yaron, kuma ba mu san wani littafin makaranta da ya amsa ta game da raken Gubuci ba.

Ga yadda yaro ɗan aji huɗu ko biyar zai bi ta. Ya samu sandar rake sittin daga gona ɗaya, iri ɗaya, waɗanda aka sara rana ɗaya, domin in ya haɗa na gonaki biyu ba zai san ko bambancin da ya gani daga ajiya ya zo ko daga ƙasa ba. Ya raba su gida biyu, talatin a rana, talatin a inuwa an rufe da ganyen raken. A ranar farko ya ɗauki biyar daga kowane kashi, ya auna nauyinsu a sikelin mai sayar da hatsi ko na mahauci, ya kai a matse, ya auna ruwan da kwalbar da ya san cikinta, ya dafa, ya auna mazarƙwailar da ta fito, ya duba ko ta daskare. Bayan kwana biyu ya sake, bayan huɗu ya sake, har sandunan su ƙare. Kowane awo ya shiga littafi da kwanan wata da lokaci, da biro, ba da fensir ba, kuma in ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai ya bar shi ana gani.

Zaƙin ruwan ma yana aunuwa ba tare da an sayi komai daga Kaduna ba. Ya ɗauki bututun biro da ya ƙare, ya toshe gindinsa da kakin zuma, ya zuba ɗan yashi a ciki har ya iya tsayawa a tsaye cikin ruwa. Ruwa mai sukari ya fi ruwan rijiya nauyi, saboda haka bututun zai ƙara tasowa sama gwargwadon yawan sukarin. Ya jiƙa sukarin kanti giram 100 cikin ruwa ya cika lita ɗaya, ya sa alama inda bututun ya tsaya, ya yi haka da giram 150 da 200, ga ma'auni ya samu. A nan ne kuma aikin zai yi masa daɗi, domin akwai tarko a gaba. Raken da ya sha rana yakan rasa ruwa, sai ruwan da ya rage ya yi kauri, ma'aunin ya nuna kamar zaƙi ya ƙaru. Amma a cikin sandar wani abu na faruwa wanda bututun ba ya gani: sukarin da ke daskarewa yana rabewa ya koma wasu sukari iri biyu masu zaƙi amma ba sa daskarewa da sauƙi. Watau ma'auni zai ce rake ya gyaru, tukunya kuwa ta ce ya lalace. Yaron da ya ci karo da wannan saɓani da kansa, ya kwana yana tunani, ya je ya tambayi malaminsa, ya koma ya tambayi tsohon da ya shekara talatin a bakin tukunya, ya san ilmin haɗa sinadarai fiye da wanda ya haddace babi uku don jarrabawa.

Mun daɗe a kan rake ne don a ga cewa aikin ba ya bukatar ɗakin gwaji. Tambayoyin kuwa ba su da iyaka. A watan Mayu na 1981 ba mu san abin da ya faru a gonakin tumatir ba, amma a shekarar ne aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara, shaidar cewa tun a lokacin yankin nan na tumatir ne. A watan Mayu na 2016 kuwa Gwamnatin Jihar Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir saboda tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta cinye gonaki har kwandon tumatir ya gagari talaka. Uwar tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, yana kuma bin haske. Yarinya a Hunƙuyi tana iya ajiye fitila bisa tasa mai ruwan sabulu a gefen gona, ta ƙidaya abin da ya faɗa kowace safiya, ta gwada ko tsawon da aka rataye fitilar yana canza yawan kamun. Wani ya zuba wake mudu ɗaya-ɗaya a mazubi huɗu, ɗaya da toka, ɗaya da garin ganyen darbejiya, ɗaya a jarka da aka toshe bakinta iska ba ta shiga, ɗaya kuma haka nan ba komai, bayan wata biyu ya ƙidaya ƙwayoyin da ƙwari suka huda cikin kowace ɗari. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi aka fara yaɗa shi a 2007, asirinsa ke nan: ƙwaro ya shaƙe iskar da ke ciki ta ƙare, ya mutu. Mazubi na huɗu, wanda ba a sa masa komai ba, shi yara suka fi mantawa, alhali in babu shi ba abin da za a gwada sauran da shi.

Za a ce mana irin wannan aiki ba shi da kwarjini. Yaron ƙauye ya zo da kwanon mazarƙwaila da tsohon biro, ga 'ya'yan makarantun kuɗi na birni sun zo da mutum-mutumi mai tafiya da batir, wa zai dube shi? Amsarmu ita ce sunan Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ɗan gidan magina tukwane. Abin da ya yi shi ne ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa, yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi. Kakanninmu sun san randa tana sanyaya ruwa tun kafin a haifi kakan Bature mai firji. Abin da Malam Bah Abba ya ƙara shi ne gwaji da ƙidaya: ya nuna yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 yana kai kwana 27, tumatir da tattasai su yi mako uku. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex da dala 75,000, duniya ta san sunansa. Ya kuma lura da wani abu da ya shafe mu: in kayan miya ba sa lalacewa a yini ɗaya, ba dole ne a fitar da yarinya talla kullum ba, tana iya zuwa makaranta. Har yau akwai sauran aiki a kan tukunyar tasa wanda yaro zai iya yi, domin sanyinta ya dogara ga bushewar iska. Digiri nawa take saukar da zafi a hunturu, nawa a bazara, nawa a tsakiyar damina lokacin da iska ke cike da laima? Ma'aunin zafi guda ɗaya da haƙurin wata shida sun isa.

Akwai kuma misali na ɗaya gefen. A 2012, a wani baje kolin ƙere-ƙere da aka yi a Ikko, 'yan mata huɗu 'yan sakandare sun nuna janareta da aka ce yana aiki da fitsari, lita ɗaya ta ba da wutar awa shida. Jaridun duniya suka ɗauka. Daga baya masana suka yi tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko: kafin a raba fitsarin a fitar da iskar da janareta zai ƙona, sai an sa masa lantarki, to wutar da aka zuba da wadda aka samu wace ta fi yawa? Ba mu ga laifin yaran ba ko kaɗan, sun yi ƙoƙari, sun kuma fi yawancinmu ƙarfin hali. Laifin na manyan da suka tsaya tafi ne, ba wanda ya miƙa musu ma'auni ya ce su auna abin da ya shiga da abin da ya fita. Yabon da ba tambaya a cikinsa cutar yaro yake yi.

Sai maganar gabatarwa, wadda a nan ne aka fi zaluntar yaron ƙauye. Abin da ake bukata ranar gasa bai wuce huɗu ba: littafin aikin nan da duk dattinsa, taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya, allo ko faffaɗan kwali da aka rubuta tambaya da hanyar gwaji da sakamako a kai, da kuma bakin yaron. A allon, zane ɗaya mai nuna yadda nauyin mazarƙwaila ke sauka kwana bayan kwana ya fi shafi uku na rubutu, kuma ya kamata mai tsaye taku uku daga nesa ya iya karanta shi. Furannin takarda da ƙyalƙyali da ake liƙawa a gefe ɓata kuɗi ne. Jawabi kada ya wuce minti biyar: ga abin da na tambaya, ga abin da na yi, ga abin da na samu, ga inda nake shakka. Wannan na ƙarshe shi malamai ke hana yara faɗa, suna tsoron a rage maki, alhali shi ne alamar mai gaskiya. In akuya ta shiga ta cinye rake biyar a kwana na shida, a rubuta, a faɗa. In garin darbejiya bai hana ƙwari komai ba, wannan ma sakamako ne, kuma ya ceci wani manomi daga dogara ga abin da ba zai fisshe shi ba.

Da wane harshe yaron zai yi magana? Mun san wannan tambaya takan tayar da jijiyar wuya. Masu cewa dole Turanci suna da hujja: da shi ake jarrabawar fita, da shi ake karatu a jami'a, kuma in yaro ya ci gasar jiha zai haɗu da ɗan Inugu da ɗan Ibadan. Ba mu musa ba. A rubuta taƙaitaccen bayani da Turanci, yaro ya koyi sunayen abubuwa da Turanci. Amma a matakin makaranta da na ƙaramar hukuma, in alƙali ya ga yaro ya sarƙe, mene ne aibin ya ce masa, "Yaro, faɗa mini da Hausa"? Gasar ta kimiyya ce, akwai ta muhawara daban. Mun sha ganin yaron da ya san aikinsa ciki da waje ya tsaya yana rawar baki, wanda ya haddace jawabin aro kuwa yana zuba kamar rediyo, aka ba rediyo kofi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yaran firamare lissafi da kimiyya da Yarabanci shekara shida, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Abin da Yarabanci ya ɗauka ba mu ga dalilin da Hausa za ta kasa ɗauka ba. Hasali ma tambaya da Hausa ita ce hanya mafi sauƙi ta kama aikin aro, domin mai hadda ba ya iya juya haddarsa zuwa wani harshe.

Ba za mu ɗora wa malamai laifin duka ba. Malamin da shi kaɗai ke koyar da fannin kimiyya uku a makaranta, aji ɗaya yara sun fi tamanin, aka ba shi mako biyu, me ake so ya yi in ba ya je wurin mai walda ba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin rake yana cin mako biyu bayan an gama shiri, na wake wata biyu, na tukunya wata shida. Saboda haka maganarmu ta fi karkata ga yayyenmu da suka riga mu fita, waɗanda yanzu ke zaune a ofisoshin ilmi na shiyya da na ƙananan hukumomi, kuma muka san suna karanta wannan mujalla. Ku ne ke buga takardar gayyata, ku ne ke zana takardar maki. Ba sai kun jira Kwamishina ba kafin ku sanar da ranar gasa tun makon farko na zangon farko. Ba sai an ƙara muku kasafi ba kafin ku rubuta cewa duk aikin da ya zo ba littafin aiki ba za a karɓe shi ba, kuma rabin maki na littafin ne da amsa tambayoyi. Ku sa iyaka ga kuɗin da za a kashe a kan aiki ɗaya, a kuma rubuta abin da aka saya da wanda ya taimaka a bayan allo. Taimako ba laifi ba ne, mai walda yana iya haɗa wa yaro ƙarfe, ɓoye shi ne laifi. In hukunci na rake ne, ku zaunar da mai dafa mazarƙwaila cikin alƙalai. Tambaya ɗaya zai yi a gane ko yaron ya taɓa tsayawa a bakin tukunya.

Wani abin takaici kuma shi ne kusancin da ba a amfana da shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana nan tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu suna da ke farawa da SAM, waɗanda ake shukawa har ƙasashen maƙwabta, daga nan suka fito. Daga Gubuci zuwa Samaru tafiyar da ba ta wuce awa biyu a mota ba ce. Amma yara nawa ne a makarantun yankin suka taɓa ganin yadda ake yanka fili gida-gida a gonar gwaji, a sa wa wannan taki a hana wancan, a maimaita sau huɗu don kada sa'a ta yaudari mai bincike? Yini ɗaya a can zai koya musu ma'anar gwaji fiye da zango guda na kwafar allo. Wasiƙa ce kawai wani zai rubuta, a nemi mota.

Mu ɗalibai kuma namu ya rage. Muna da baki wajen zagin Gwamnati a ɗakin taro, kuma sau da yawa da gaskiyarmu. Amma kowane hutu mukan koma garuruwanmu mu zauna a dakali muna gardamar ƙwallon Ingila, ƙannenmu na wucewa da kwalin da za su kai wa mai gyaran rediyo. A cikinmu akwai masu karatun aikin gona, da haɗa magunguna, da injiniya, da lissafi, har da masu nazarin Hausa waɗanda za su iya taimakawa wajen samo wa abubuwa suna. Ba a ce mu yi wa yaro aikinsa ba, in muka yi haka mun zama masu walda masu digiri. Abin da ake so shi ne mu zauna da shi mu yi ta tambayarsa, "Ta yaya ka sani?" har ya gaji ya tashi ya je ya auna.

Muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da na ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomin Maƙarfi da Ikara da Kudan su buɗe rajista kafin hutun Disamba, kowa ya rubuta sunansa da makarantar da ta fi kusa da gidansu. Hutun ya faɗo daidai lokacin da ake sarar rake, tumatirin rani yana gona, wake kuma bai daɗe da shiga rumbu ba. Kowane mutum biyu su ɗauki makaranta ɗaya, su fara gai da shugabanta da malamin kimiyya, su nemi izini, domin ba a shiga gidan mutum ta katanga. Ƙungiya ta saya wa kowace tawaga ma'aunin zafi ɗaya, da ƙaramin sikeli, da littattafan rubutu goma masu shafi sittin. In an dawo hutu, kowace tawaga ta kawo wa wannan mujalla tambayoyin da yaran suka zaɓa, da sunan makarantarsu, a buga a fitowa ta gaba.